Suna da Wakilin Suna a Nahawun Ingilishi: Sharhi a kan Ma'anonin da Littattafan Makaranta Suka Gada

1. Gabatarwa

Kusan duk littafin koyon Ingilishi da ya shigo hannun ɗalibi, babinsa na farko na nahawu yakan buɗe ne da ma'anoni biyu. Ta farko ita ce, suna kalma ce da ake kiran mutum ko wuri ko abu da ita. Ta biyu kuwa, wakilin suna kalma ce da ake sawa a madadin suna don gudun maimaici. Ɗalibai sukan hardace su tsaf, malamai kuma su tambaye su a jarrabawa. Amma yaron da ya kawo su ba gargada, shi ne dai zai juya takarda ya rubuta *Audu he came* ko *many informations*, alhali kuwa babu abin da ya saɓa daga cikin abin da ya hardace.

Lamarin ya shafi masu tsara manhaja a Nijar kai tsaye. Ana fara koyar da Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, wato bayan ɗalibi ya shekara shida yana fama da Faransanci. Sa'an nan a shekarar 2025 kundin sabunta ƙasa ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ke nan za a buƙaci sababbin littattafai, na Ingilishi da na nahawun Hausa, kuma hanya mafi sauƙi ga marubuci ita ce ya kwafo babin farko kamar yadda ya tarar da shi. Ra'ayin wannan takarda shi ne, ma'anonin nan biyu an ɗinka su ne a jikin wani harshe dabam, kuma ɗalibi Bahaushe ya fi amfana idan aka nuna masa suna ta alamominsa, aka kuma gwada masa shi da na harshensa.

2. Asalin ma'anonin

Rarraba kalmomi zuwa aji takwas ya samo asali daga nahawun Girkanci da ake dangantawa ga Dionysius Thrax, wanda ya yi karatu a Iskandariya, ya rayu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa. Malaman Latin, musamman Donatus a ƙarni na 4 da Priscian a wajen shekarar 500, suka ɗauki tsarin suka aza wa harshensu. Da yake Latin ba shi da kalmar fayyace suna irin ta Girkanci, sai suka cike gurbinta da kalmar motsin rai don lissafi ya tsaya a takwas. A wannan tsari sifa ma ba ta da ajin kanta, wani reshe ce na suna, domin a Latin ƙarshenta yana sauyawa kamar yadda na suna ke yi.

Littafin nahawun Ingilishi na farko, wanda William Bullokar ya fitar a 1586, ya bi sawun littafin Latin na William Lily da ake karantarwa a makarantun Ingila. Robert Lowth ya fitar da nasa a 1762. A 1795 kuma Lindley Murray, mutumin Amurka da ya zauna kusa da birnin York, ya rubuta *English Grammar* domin wata makarantar ƴan mata da ke can, littafin da aka yi ta sake bugawa a Ingila da Amurka cikin ƙarni na 19. Daga wannan zuriya ne littattafan da suka bi mulkin mallaka suka fito, irin na J. C. Nesfield na 1898, wanda ya yi aikin ilimi a Indiya.

Abin lura a nan shi ne, ɗalibin Latin ba ya dogara da ma'ana don ya gane suna. Ƙarshen kalmar ne ke nuna masa, domin sunan Latin yana da li'irabi iri shida, wato sauyin ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla. Ma'anar ado ce kawai a bisa ginin da ya riga ya tsaya. Ingilishi kuwa ya zubar da mafi yawan li'irabinsa tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Da aka kwaso ma'anar aka baro ƙarshen kalmomi a baya, sai aka ɗora mata nauyin da ba don shi aka yi ta ba.

3. Inda ma'anar suna ta gaza

Ma'anar tana aiki a kan *farmer* da *market* da *pot*, wato manomi da kasuwa da tukunya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsakiyar ajin suna a kowane harshe mutane ne da wurare da abubuwa, kuma daga nan yaro ke farawa. Matsala tana ɓullowa ne da an matsa gefe. *Arrival* isowa ce, wato aiki. *Absence* rashin halarta ne. *Kindness* hali ne. Babu ɗaya daga cikinsu da yake mutum ko wuri, kuma idan aka ce su abu ne, to, kalmar abu ta zama buhun da kome ke shiga. Murray ya hango wannan, ya faɗaɗa ma'anar ta haɗa da duk abin da hankali zai iya kawowa. Sai dai *arrive* ma hankali yana kawo shi, ga shi kuwa aikatau ne.

Haka kuma kalma ɗaya takan zama suna a nan, ta zama aikatau a can, ba tare da ta sauya ko harafi ɗaya ba:

1. *The water is cold.* Ruwan yana da sanyi.
2. *They water the onions.* Suna ban ruwan albasa.

Abin da ya raba su shi ne muhalli. A jimla ta 1 *the* ya gabace ta, *is* ya biyo ta; a ta 2 ta zo bayan *they*, ta kuma ɗauki karɓau. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, domin barci da magana da aiki duk ayyuka suke nufi, amma sunaye ne, shi ya sa ake cewa ya yi barci, ana kuma cewa barcin rana da maganar banza.

Charles Fries na Jami'ar Mishigan ya bi wannan hanya a littafinsa *The Structure of English* na 1952. Ya tattara hirarrakin wayar tarho, ya rarraba kalmominsu bisa gurbin da kowace ke iya shiga, har ya ƙi amfani da tsofaffin sunayen azuzuwan, ya sa musu lambobi. Bisa wannan hanya alamomin sunan Ingilishi huɗu ne: yana karɓar *the* a gabansa, yawanci yana da jam'i, yana ɗaukar ɗafin mallaka, kuma yana shugabantar yankin da ke zama aikau ko karɓau.

Almajirin zaure ya daɗe da sanin irin wannan tsari. Ajurumiyya ta Ibn Ajurrum mutumin Fas, wanda ya rasu a 1323, ta kasa magana kashi uku, suna da fi'ili da harafi, ta kuma ce ana gane suna ta alamominsa: jarra, da tanwini, da shigar alif da lam, da zuwansa bayan haruffan jarra. Ke nan hanyar da masana Ingilishi suka koma mata a ƙarni na 20 tana nan cikin littafin da ake karantawa a zaurukan Damagaram da Maradi da Tawa.

4. Wakilin wa?

Ma'ana ta biyu fassarar kalmar Latin ce, *pronomen*, wadda ke nufin a madadin suna. Wakilin suna na Hausa ma daga nan ya fito. Gwaji ɗaya ya isa ya nuna rauninta:

3. *The old farmer from Tasawa sold millet.* Tsohon manomin nan na Tasawa ya sayar da gero.
4. *He sold millet.* Ya sayar da gero.

Suna a jimla ta 3 shi ne *farmer*. Da a ce *he* shi kaɗai yake maye, da sai a sami *the old he from Tasawa*, wanda ba magana ba ce. Abin da *he* ya maye shi ne yankin suna gaba ɗaya, kalmomi biyar.

Har ila yau, *I* da *you* ba sa wakiltar wani suna da aka ambata a baya. Suna nuna mai magana da wanda ake yi wa magana, kuma wanda suke nufi yana sauyawa da zarar bakin magana ya sauya. Sa'an nan akwai *it* na cikin *it is raining*, ana ruwa, wanda ba ya nufin kome. Yana nan ne kawai domin jimlar Ingilishi ba ta yarda gurbin aikau ya zauna fayau ba. Ɗalibin da aka gaya wa kowane wakili yana da wanda yake wakilta zai yi ta neman abin da babu shi.

Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban nahawunsu na Kambirij na 2002, sun sanya waɗannan kalmomi a matsayin wani reshe na suna, wanda ya bambanta da sauran ta wajen rashin karɓar *the* da kuma riƙe li'irabi. Nahawun Larabci ma haka ya yi tun da daɗewa, ya lissafa lamiri cikin sunaye sanannu. Tsohuwar kalmar malamai, wato lamiri, ba ta ɗauke da alkawarin wakilci, saboda haka ta fi kusa da gaskiyar al'amarin.

5. Abin da babin farko ya tsallake

Babban laifin ma'anonin biyu shi ne lokacin da suke cinyewa, alhali wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe suna can wani gefe.

Na farko jam'i. Wanda ya taso da gida da gidaje, doki da dawaki, riga da riguna, ƙasa da ƙasashe, ba zai ji tsoron jam'in Ingilishi ba. Ɗafi ɗaya ne mai lafazi uku, kamar a *cats* da *dogs* da *buses*, sai ƴan tsirarun da suka kauce: guda bakwai masu sauya wasali irin *man* da *men* ko *foot* da *feet*, da *oxen* da *children*, da irin *sheep* da ba sa sauyawa. Wahalar tana wajen furuci da ɗabi'a. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu, shi ya sa *bench* ya zama benci, ga shi kuwa *desks* ya ƙare da baƙi uku, *texts* da huɗu. Faransanci kuma ya riga ya koya wa ɗalibi cewa *s* na ƙarshen jam'i ana rubuta shi ne ba a faɗa. Bugu da ƙari Hausa tana barin suna a tilo gaban ƙidaya, kamar shekara goma da mutum uku, daga nan ne *ten year* ke fitowa.

Na biyu ƙirguwa. Ingilishi ya raba sunaye zuwa masu ƙirguwa da gagara-ƙirga, kuma rabon bai bi hankali koyaushe ba. *Advice* da *information* da *furniture* da *money* ba sa jam'i, ba sa kuma karɓar *a*. Hausa kuwa tana da shawarwari da labarai da kuɗaɗe, Faransanci yana da *conseils* da *informations* da *meubles*. Harsunan ɗalibi biyu duk suna jan sa wuri guda, zuwa kuskure. Ma'anar mutum da wuri da abu ba ta ce uffan a kan wannan ba.

Na uku *the* da *a*. Ɗafin -n ko -r na yaron da yarinyar yana nuna wanda aka riga aka ambata, wani da wata kuma suna shigo da sabo. Amma sunan Hausa yana iya tsayawa ziƙau, kamar a yaro ya zo, abin da tilon Ingilishi mai ƙirguwa ba ya yi. A ɗaya ɓangaren, Faransanci yana sa *la* a gaban *vie* idan ana maganar rayuwa gaba ɗaya, Ingilishi kuwa yana cewa *life is hard*, daidai da yadda Hausa ke cewa rayuwa da wuya.

Na huɗu jinsi. Kowane tilon suna na Hausa namiji ne ko tamace: rana ce, wata ne, Maradi ta cika. Tsohon Ingilishi ma yana da jinsi har uku, inda *sunne*, rana, take tamace, *mona*, wata, yake namiji kamar na Hausa, *wif* kuma, wato mace, take cikin jinsi na uku. Ingilishin yau ya bar wannan duka. *He* da *she* suna bin halitta, sauran abubuwa kuma *it* ne, kalmar da Hausa da Faransanci ba su da takwararta sosai. Littattafan da ke jera *lion* da *lioness* a ƙarƙashin babin jinsi suna koyar da kalmomi ne kawai. Darasin da ake buƙata shi ne cewa mota da kasuwa da gari duk *it* ne.

Na biyar mallaka, kuma nan ne fa'idar Hausa ta fi fitowa. A Faransanci *son* da *sa* suna bin jinsin abin da aka mallaka. A Ingilishi *his* da *her* suna bin jinsin mai abin. Hausa ta haɗa biyun: a gidansa da gidanta da rigarsa da rigarta, -n da -r suna bin abin, -sa da -ta suna bin mai shi. Haka yake a karin yamma, inda ake cewa gidanai da rigatai. Saboda haka malamin da ya ce *his* shi ne -sa, *her* ita ce -ta, ya gama darasin a jimla ɗaya, wanda kuwa ya bi ta Faransanci sai ya fara warware ƙulli tukuna. Abin da ya rage a nuna shi ne jerin kalmomi, domin dokin Audu ya juya ya zama *Audu's horse*, kuma ɗafin yana manne wa ƙarshen yanki ne, kamar a *the chief of the village's horse*.

Na shida *you*. Hausa tana da ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su, guda takwas. Ingilishi yana da bakwai, inda *you* ɗaya ta ɗauki kai da ke da ku, har da ku ta girmamawa. Da can akwai *thou* ta tilo, wadda ta fita daga daidaitacciyar magana a ƙarni na 17, duk da cewa George Fox da abokansa sun wallafa littafi a 1660 suna kare ta. Gurbin da ta bari ne ya sa mutanen kudancin Amurka ke cewa *y'all*, waɗansu a Ayalan da Sikotilan ke cewa *yous*, idan jama'a suke nufi.

Na bakwai zagin aikatau. A Audu ya zo, da Audu yana zuwa, da Audu yakan zo, kalmar da ke gaban aikatau ita ke ɗauke da mutum da jinsi da lokaci, kuma a shuɗaɗɗen lokaci ba a yar da ita ko da an ambaci suna. Paul Newman, a nahawunsa na Hausa na 2000, ya ɗauke ta a matsayin haɗin mutum da lokaci. Wanda ya kira ta wakilin suna kawai, ya fassara ya da *he*, shi ya haifi *Audu he came*. Haka nan an da ana da za a suna da abokiyar zama a *on* ta Faransanci, amma Ingilishi yakan juya jimlar ne, an kama ɓarawo ya zama *the thief was caught*.

6. Dokokin da aka aro

Li'irabin da ya rage wa Ingilishi a fili yana cikin tagwaye shida ne kawai: *I* da *me*, *he* da *him*, *she* da *her*, *we* da *us*, *they* da *them*, *who* da *whom*. A kan waɗannan ƴan kalmomi aka kafa dokokin da suka fi damun ɗalibai. Lowth da magadansa sun hukunta a ce *it is I*, domin haka Latin ke yi bayan aikatau na kasancewa. Masu harshen kuwa *it is me* suke faɗa, kamar yadda Bafaranshe ke cewa *c'est moi*. Joseph Priestley, wanda ya fitar da nasa nahawun a 1761, ya fi karkata ga bin abin da jama'a ke faɗa, amma makarantu suka bi Lowth.

Haka batun *they* ta tilo, a jimla irin *everybody took their book*. Ana samun ta a rubuce tun ƙarni na 14. Ann Fisher ce, a nahawunta na 1745, ta kafa cewa *he* ya wadatar ga namiji da mace, majalisar Birtaniya kuma ta sa irin wannan cikin wata dokar fassara ta 1850. Bahaushe zai ga dokar daidai, tun da shi ma kowa ya ɗauki littafinsa yake cewa. Sai dai manyan ƙamusoshi da nahawun Ingilishi na wannan zamani sun karɓi *they* a wannan muhalli, kuma littafin da ya ci gaba da jan mata jan alƙalami yana koyar da ra'ayin ƙarni na 18 ne da sunan ƙa'idar harshe.

7. Abin da ya rage ga masu tsarawa

Kwatanta harsuna ba ya maganin kowane kuskure. Robert Lado ya sa rai a 1957 cewa bambancin harshen gida da baƙon harshe zai nuna wuraren wahala, amma binciken da ya biyo baya, tun daga maƙalar Pit Corder ta 1967, ya nuna cewa waɗansu kurakuran daga cikin harshen da ake koyo suke tasowa, kamar *childs* da *foots*, waɗanda ƴaƴan Ingila ma ke yi. Duk da haka wuraren nan bakwai sanannu ne, kuma ana iya gwada su a takardun ɗalibai kafin a rubuta littafi.

Abin da ya fi dacewa shi ne babin farko ya soma da misalan mutane da wurare da abubuwa, ya wuce nan da nan zuwa alamomi huɗu na suna, ya koyar da kowane sabon suna tare da ƙirguwarsa, ya kuma jera lamiran Ingilishi gefe da gefe da na Hausa. Dokokin da aka aro daga Latin a bayyana su a matsayin salon rubutu mai tsauri, a bar kiran kishiyarsu kuskure.

Gargaɗi na ƙarshe ya shafi nahawun Hausa kanta. Tun taron Bamako na 1966 kan haruffa, da makarantar gwaji ta Damagaram ta 1973, da littafin M. K. M. Galadanci na 1976, ake ta ƙoƙarin bayyana Hausa bisa tsarinta. Idan marubutan littattafan firamare da na yaƙi da jahilci suka kwafo ma'anonin nan biyu daga Ingilishi ko Faransanci, to, za su maimaita wa Hausa abin da Bullokar ya yi wa Ingilishi a 1586. Alamomin sunan Hausa a bayyane suke: yana da jinsi, yana karɓar ne ko ce, yana ɗaukar -n ko -r na nasaba, yawanci kuma yana da jam'i. Ɗalibin da ya gane barci suna ne domin ana cewa barcin rana, ba zai sha wuyar gane *arrival* suna ne domin ana cewa *the arrival* ba.